Ƙwallon ƙafa: wa ke talla bisa ƙirjin ɗiyanmu?

Ni ɗan kallo ne kurum. Ban taɓa buga ƙwallo da sunan wata ƙungiya ba, amma tun ina yaro ban cika barin wasa ya wuce ni ba, dā ga akwatin rediyo, yanzu kuwa ga telbijin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata riga ce.

Ran kasuwa na saya wa ɗan ƙanena rigar wata ƙungiya ta Ingila, jika biyu. Da muka komo gida, wani dattijo maƙwabcinmu, wanda bai jima da gama karatun yaƙi da jahilci ba, ya tsai da yaron, ya aza yatsa ga ƙirjinsa yana haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Da ya ƙare ya tambaye ni ko sunan garin ƴan wasan ne. Na ce a'a, sunan kamfanin caca ne. Ya yi shiru, sannan ya ce: «Ashe kai ka biya kuɗi don yaron ya yi musu talla kyauta.» Ban sami abin cewa ba. Daga baya na gane cewa ko can Ingila ba a buga sunan caca ga rigunan da ake saida wa yara. Kwaikwayon da ke zuwa kasuwanninmu ne bai san wannan ƙa'ida ba.

Dā rigar ɗan wasa ba ta ɗauke da kome sai launin ƙungiya, da tambarinta, da lamba ga baya. A 1973 wata ƙungiya ta Jamus, Eintracht Braunschweig, ta sa tambarin wani kamfanin giya mai suna Jägermeister ga ƙirjinta, aka yi ta surutu, amma ba a jima ba sauran suka bi sahu. Barcelona ta Espanya ita ce ta daɗe tana ƙi. Fiye da shekara 100 rigarta ba talla, kuma ko da ta yarda a 2006, sunan UNICEF ta sa, ita ce ma ke ba wannan hukuma ta yara kusan miliyar 1 na sefa kowace shekara. Mu magoya bayanta mun yi ta alfahari da wannan a majalisa. To, a 2011 kuɗin Katar suka shigo, kuma a 2022 filin wasanta kansa ya koma Spotify Camp Nou. Abokan hamayya har yau ba su bar yi mana ba'a ba.

Kofin Afrika ma haka ya yi ta sake suna kamar amarya mai yawan aure. A 2006 da 2008 MTN ne, daga 2010 zuwa 2015 Orange, daga 2017 kuma Total, wanda ya zama TotalEnergies a 2021. Gaskiya ba ta ƙin a faɗe ta, kuɗin nan sun yi amfani. Kot Dibuwar da ta ci kofi a gidanta a farkon 2024 ta karɓi dalar Amurka miliyan 7, kuma a gasar Maroko ta 2025 an ɗaga ladan zuwa miliyan 10, wato fiye da miliyar 5 na kuɗinmu. Jirgi, da masauki, da alƙalai, da na'urorin ɗaukar hoto, duk da kuɗi ake yinsu. Ba ni da faɗa da mai saida man fetur ko katin waya in ya biya don a ga sunansa.

Inda nake da magana, ga caca ne. Ku shiga kowane gidan kallo a Maraɗi ko Damagaram ran asabar da maraice, ku duba da kyau. Samari da yawa idonsu ba ga telbijin yake ba, yana ga waya. Ƙungiyar mutum ta ci wasa, amma ka gan shi ya yi zugum, don ya yi caca za a ci uku, aka ci biyu. Wani kuma yana addu'a a ci ƙungiyar da yake so tun yana ƙarami. Kuɗin da ke tafiya ba na masu hali ba ne, cinikin ɗan kabu-kabu ne, da jarin mai shayi, da kuɗin littafin ɗan lakwal. Kamfanin kuwa ya yi lissafinsa tun kafin a busa usur, ta yadda abin da zai biya masu sa'a ba zai kai abin da ya tara ba. Da ba haka ba, da me zai biya ƙungiyoyin Turai? A watan afrilu na 2023 manyan ƙungiyoyin Ingila suka yarda su cire sunan caca daga gaban riga bayan kakar 2025-2026, ko da yake sun bar hannun riga da allunan gefen fili. Hukumar ƙwallon Afrika, CAF, ita kuwa a 2019 ta ɗauki 1xBet cikin masu ba ta kuɗi. Ya kamata magabatanmu na matasa da wasanni su dubi wannan al'amari da idon basira.

Talla ma ta fara taɓa dokar wasan kanta. A watan disamba na 2025 FIFA ta sanar cewa a kofin duniya na 2026, mai ƙasashe 48 da wasanni 104 a Amurka da Kanada da Meksiko, kowane wasa sai an tsaya minti 3 a tsakiyar kowane rabi don shan ruwa, da zafi ko ba zafi. Mu da muka san zafin watan afrilu ba za mu hana kowa ruwa ba. Amma hutun da ba ya duban yanayi, a ganina an yi shi ne don mai talla ya sami wurin shimfiɗa hajarsa.

Mu komo gida. Ran 10 ga oktoba 2010, a filin Janar Seyni Kountché na Yamai, Moussa Maazou ya jefa wa Masar ƙwallo ɗaya, Masar da ta ɗauki kofin Afrika sau uku jere. Daga nan Mena ta je gasar 2012 da ta 2013, kuma a lokacin ba yaron da bai so rigarta ba. Amma a ƙarshen 2023, wasannin da ake kira na gida, a Marakesh ta Maroko Mena ta buga su, har ta ci Zambiya 2 da 1 ba mu gani da idonmu ba. Ɗan kasuwar Maraɗi da zai biya allo don ƴan ƙasa su ga sunan shagonsa, me zai kai shi Marakesh? Ƙungiyoyinmu da dama, kamar AS FAN da AS Douanes, hukumomi ke riƙe da su, na jihohi kuwa irin su Ɗan Kasawa ta Maraɗi da Espoir ta Damagaram sai dai taimakon masu son abin. Alhali kokawar gargajiya, tun takobin farko na Tawa a 1975, ta nuna cewa in jama'a suka cika fili, masu talla da ƙafarsu suke zuwa.

Rigar yaron dai, uwarsa ta kai wa tela ya rufe rubutun da ƙyalle. Mako na gaba na zaga kasuwa neman rigar Ɗan Kasawa daidai jikinsa. Shago bakwai na shiga, kowa sai ya miƙo mini ta Madrid.