Waya Tana Aljihu, Amma Sai An Je Rumfar Mai POS

A farkon 2023, bayan sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Zango da sauran ƙananan hukumomin masarautar Daura, wato Daura da Mai'adua da Baure da Sandamu, sun ɗanɗana kuɗarsu, domin cinikin ƙauye da na bakin iyaka hannu da hannu ne. Dole ta sa mai hatsi da mahauci da mai shayi suka buɗe asusu, suka koyi karɓar taransifa. A watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, kuɗi suka dawo sannu a hankali, asusun da aka buɗe kuma ba a rufe su ba.

To ga abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Mutum yana da waya, yana da asusu, akwai kuɗi a ciki, ya san lambar sirrinsa. Zai tura wa ɗansa kuɗin makaranta a Katsina, ko ya biya dillalin da ya saya masa rago a kasuwar Mai'adua. Maimakon ya zauna a ƙofar gidansa ya latsa, sai ya taka har rumfar mai POS, ya bi layi, ya miƙa kati, ya biya ladan aiki. Talaka ba ya zubar da naira ɗari a banza. Me yake saye da ita?

Duk wanda ka tambaya, sabis zai fara ɗora wa laifi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma aka fara raba takin zamani mai rangwame ta saƙon waya, rashin sabis a ƙauyuka na cikin abubuwan da suka fi wahalar da shirin. Amma buɗe bayan na'urar POS ka gani: layin waya ne a ciki, irin na aljihun mai kuɗin, kuma hasumiya ɗaya suke kamawa. Ranar da sabis ya ɗauke, tare yake ɗauke musu. Sabis bai amsa tambayar ba.

Amsa ta biyu ita ce wadda 'yan boko suka fi so: mutanen ba su yi karatu ba. Wannan amsa tana ɓata mini rai, don ba ta dubi mutanen ba. Dattijon da ake cewa bai iya ba, yana karanta Alƙur'ani, yana rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami. Ka ce masa buhu bakwai na gero, tiya arba'in-arba'in, a cire kuɗin mota da na ɗan dako, kafin ka lalubo kalkuleta ya ba ka amsa. Shi ne kuma yake aika saƙon murya ta WhatsApp har Damagaram, yake karɓar karatun malamai daga waya zuwa waya ta manhajar Xender ba wanda ya koya masa a aji. Wayar ba ta gagare shi ba. Wani ɓangare guda na wayar ne ya gagare shi.

Wasu sun ce rashin yarda da banki ne. Da haka ne, da bai bar kuɗinsa ya kwana a asusun ba.

Da amsoshin nan uku suka faɗi, sai na koma ga wani tsohon labari daga wata duniya dabam. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin saman Amurka sun rasa gane dalilin da ya sa ƙwararrun matuƙa jirgin B-17 suke sauka lafiya, sannan su janye tayoyin jirgin yana kan gudu a ƙasa, ya kife da ciki. A rahoto ana rubuta cewa kuskuren matuƙi ne. Aka ba wani matashin hafsa, Alphonse Chapanis, aikin bincike. Shi ba matuƙi ba ne, ba injiniyan jirgi ba ne, ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta. Ya shiga ɗakin tuƙi ya dubi inda hannu yake zuwa. Makunnin janye taya da makunnin ɗage faifan fiffike suna dab da juna, kamanninsu ɗaya, ga matuƙi ya gaji, idonsa na kan titin sauka. Ya sa aka liƙa ƙaramar tayar roba a kan na taya, aka sa wani abu mai siffar fiffike a kan ɗayan, hannu ya riƙa bambancewa ba sai ido ya duba ba. Irin wannan hatsari ya kau. Abin da ya yi bai wuce daina tuhumar mutum ba, ya koma kallon abin da aka ɗora masa a hannu.

Mu yi haka a Zango. Mu bar tambayar abin da mai kuɗi ya kasa, mu tsaya gefen rumfa mu ji abin da mai POS yake yi.

"Baba, nawa za a tura?"

"Ɗari da hamsin."

"Dubu ɗari da hamsin ke nan, Baba?"

"I mana, ai kuɗin rago ne."

Yaron ya shigar da lamba goma ta asusun yana maimaita su biyu-biyu, ya jira, sannan ya karanta sunan da ya fito da ƙarfi.

"Shi ne mutumin?"

"Sunan ƙanensa ne, da asusunsa yake karɓa. Tura."

Ya tura, ya yage rasit, ya ce in bai shiga ba zuwa magariba a dawo da takardar.

Duk sirrin yana cikin wannan 'yar hirar. Fara da kuɗin. A kasuwar dabbobi ba mai furta dubu, an san ta. Tsofaffi da yawa har yanzu da jaka suke ƙirga, naira 200, lissafin da ya samo asali tun zamanin fam, kafin naira ta zo a 1973 a kan naira biyu fam guda. Ka ƙetara iyaka zuwa Magarya, can da dala ake ƙirga sefa, biyar-biyar, jakarsu kuma sefa dubu ce. Mutumin Zango yana riƙe da duk waɗannan a ka, yana juya su yadda yake so. Wayar kuwa abu ɗaya take nema: 150000, sifili huɗu a jere, sau da yawa ba ko waƙafi a tsakani. Sifili ɗaya ya ragu, ka ci amanar dillali. Ɗaya ya ƙaru, ka tura abin da ba ka da niyya. Makunnai biyu masu kama da juna ke nan.

Sai lokaci. Mai ƙaramar waya da lambobin tauraro da shinge yake aiki, irin su *894# da *737#. Shafi ɗaya na wannan hanya ba ya ɗaukar fiye da haruffa 182, shi ya sa ake gutsuttsura Turancin, ana cusa zaɓi cikin zaɓi: danna 1, a cikinsa danna 3, nemo bankinka a shafi na gaba. Kuma agogo yana tafiya. Wanda ya tsaya duba takardar da aka rubuta masa lamba, kafin ya ɗago an yanke, sai ya faro daga farko, ga cajin naira 6.98 da aka ƙayyade a 2021. Mai POS ba ya yankewa. Yana jira har a laluba aljihu.

Sai sunan. Wayar ma tana nuna shi, amma cikin ƙananan haruffan boko, wani lokaci sunan uba a gaba, kuma ba ta san cewa gida guda kan yi amfani da asusu ɗaya ba. Sai na ƙarshe, wanda ya fi nauyi: ranar da aka cire kuɗi amma bai shiga ba. Wanda ya tura da kansa ba shi da wanda zai kama, sai dai ya biya mota zuwa banki a Daura. Wanda ya tura a rumfa yana da takarda, yana da fuskar da ya san ubanta.

Ga abin da naira ɗarin take saye: a maimaita masa adadi da harshensa, a jira shi, a tabbatar masa da mutumin, a ba shi shaida. Mai POS shi ne ragowar manhajar da masu gina ta ba su gina ba. Kuma akwai hujjar da ke gwada wannan amsa. Da kamfanin OPay ya mayar da lambar wayar mutum lambar asusunsa, a cire sifilin farko kawai, mataki ɗaya mai ban tsoro ya ragu, domin kowa ya haddace lambarsa. Dubi yadda irin wannan asusu ya bazu a tasha da kasuwa. Inda aka sauƙaƙa, mutanen da ake cewa ba su iya ba sun karɓa.

Saura tambaya guda: wa zai iya ganin wannan tun kafin a saki manhaja? Aikin yana da sana'arsa, tsara yadda mutum zai yi amfani da abu cikin sauƙi, wadda ake kira UX. Manyanta da yawa daga wani fage suka shigo. Don Norman, wanda ya yaɗa sunan sana'ar bayan ya shiga Apple a 1993, injiniyan lantarki ne da ya koma nazarin tunanin ɗan Adam, kuma yana cikin waɗanda suka binciki ɗakin sarrafa tashar nukiliya ta Three Mile Island bayan hatsarin 1979. Indrani Medhi zanen gine-gine ta fara karantawa. A cibiyar binciken Microsoft ta Bangalo a Indiya ta zauna da mata 'yan aikatau a unguwannin talakawa, ta nuna cewa rubutu da zaɓi cikin zaɓi suna tsayar da wanda bai yi nisa a karatu ba, hoto da murya cikin harshensa kuma suna kai shi ga biyan buƙata.

A 2023 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani, kuma wannan sana'a na cikin darussansa. Abin da yake damuna shi ne yadda masu shiga daga wata sana'a suke jin kunyar inda suka fito. Wanda ya shekara uku a rumfar POS sai ya share wannan daga takardar neman aiki, ya cika ta da zanen manhajar odar abinci da ya kwaikwayo daga bidiyo, irin wanda dubban ɗalibai suka zana. Manhajar zane ta Figma ana koyonta a 'yan watanni. Sanin inda yatsan dattijo yake tsayawa kuwa ba a samunsa sai an zauna da dattijon.

Malamin firamare ya san cewa in ya ce "kun gane?" aji zai amsa "mun gane", don haka ba ya yarda sai yaro ya fito allo ya yi. Gwajin manhaja ke nan: kada ka tambayi mutum ko ta yi masa, miƙa masa ka yi shiru ka kalla. Ma'aikaciyar lafiya da ta yi zagayen rigakafi gida-gida ta shiga inda namiji ba ya shiga. Ta san gidajen da waya ɗaya ce tsakanin mata uku, da waɗanda wayar take fita da maigida tun safe, don haka ta san saƙon tunatarwa na awon ciki zai iya faɗawa hannun da ba a nufa ba.

Shi kuwa tsohon mai POS, aikin da zai nuna wa mai ɗaukar ma'aikata yana hannunsa. Ya rubuta kurakuran da ya fi gani a rumfa da yadda yake tare su da baki. Ya zana shafin da zai furta adadin da Hausa kafin a sa lambar sirri, ya nuna sunan mai karɓa da manyan haruffa, ya ajiye abin da aka riga aka shigar in layi ya yanke, ya bar shaidar da za a iya nuna wa dillali. Sannan ya ɗauki zanen a waya, ko a takarda ma, ya kai wa masu hatsi biyar a kasuwar Zango, ya rubuta inda kowannensu ya tsaya, ya gyara, ya sake komawa.