Aidin: Daga Teku Zuwa Tukunyar Miya

Da hantsi, a bakin Ƙofar Taramniya a Sakkwato, wata yarinya ta miƙa wa mai tebur kuɗi ta ce, "Baba, a ba ni gishiri." Ya ɗebo mata daga buhun da aka rubuta wa cewa akwai aidin a ciki. Tun 1993 aka wajabta zuba wannan sinadari a gishirin ci a Nijeriya domin yaƙi da maƙoƙo, ciwon da dattawanmu suka saba gani a wuyan mutane. To me ya sa ƙasarmu ta gaza ba mu shi har sai an zuba mana?

Amsar tana teku. Can ne rumbun aidin, musamman a saman ruwa mai ɗumi na yankunan zafi. Yakan tashi kamar turiri, iska ta ɗauke shi, ruwan sama ya sauke shi a gona. Sakkwato kuwa ta fi kilomita 700 daga gaɓa, kafin rabo ya iso ya ragu.

An daɗe ana zaton ƙananan tsirran teku ne kaɗai ke fitar da aidin. Sai aka buɗe tashar awon iska a tsibirin Sao Vicente na Kef Bade a 2006. A 2008 masu awo suka bayyana cewa iskar ozon tana ɓacewa a can fiye da lissafin kwamfuta da kusan kashi 50 cikin 100, aidin da wani sinadari mai suna buromin ne ke cinye ta. A 2013 Lucy Carpenter ta Jami'ar York da abokan aikinta suka nuna cewa ozon ɗin da kanta, in ta taɓa fuskar ruwa, ita ke tayar da mafi yawan aidin. Nan ne abin ya fi taɓa ni: hayaƙin mota da janareta da ƙonen daji na ƙara ozon, teku ta mayar da martani da aidin, shi kuma ya rage ta. Ƙanƙarar Girinlan da ta duwatsun Alps sun nuna aidin ya ninka sau uku tun 1950.

Lissafin kwamfuta bai fi awon da aka ciyar da shi ba, don haka mu ma muna buƙatar namu awon. Iskar da ke kawo mana damina daga Tekun Gini take tasowa. Ina fatan ganin ranar da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su tari ruwan Agusta a kwalabe, su auna aidin ɗin da ya tsallako har zuwa indararonmu.