INA ZAN SAMI WANDA YA BAR SHA?

Yau maganarmu ta nufi 'yan'uwanmu Hausawa na ƙasar Sudan, tun daga Mai Wurno kusa da Sinnar, inda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, har ƙauyuka da kambo na gonakin Jazira.

Akwai wani mutum a ƙauyenku, wataƙila ma kai ne, wanda ya sha rantsuwa ba zai ƙara taɓa araki ko marisa ba. Ya yi kwana uku, ya yi huɗu. Sa'ad da kuɗin aikin auduga suka shigo hannunsa, sai ƙafarsa ta kai shi inda ta saba. Mutane su kan ce ba shi da zuciya. Likitoci kuwa sun ce ciwo ne, gama jikinsa ya saba da giya har ya na nemanta kamar tuwo.

To, ku ji wani labari. A shekara ta 1935 wani ɗan kasuwa mai suna Bill Wilson ya sauka a garin Akron na Amurka. Ya yi 'yan watanni bai sha ba. Cinikin da ya kawo shi ya ɓaci, sha'awar giya ta taso masa a masauki. Sai ya buga waya ga wani limamin coci, ya roƙa a haɗa shi da wani mashayi. Ta haka ya gamu da likita Bob Smith, wanda ya ce minti 15 kaɗai zai ba shi. Suka zauna sa'o'i su na magana. A watan Yuni na shekarar nan Smith ya yi shansa na ƙarshe. Daga mutum biyun nan ne aka sami ƙungiyar da a ke kira Alcoholics Anonymous, watau mashaya masu ɓoye suna, wadda ta bazu cikin duniya.

Taronsu ba shi da wuya. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta sunan kowa, ba a tambayar addininka. Abu ɗaya a ke nema, ka na so ka bar sha. Kowa ya faɗi abin da ya same shi, sauran su yi shiru. Ba mai yi wa wani faɗa. Abin da aka faɗa a wurin, nan a ke barinsa. Kuma ba su ɗaukar alkawarin shekara, na yau kaɗai su ke ɗauka.

Amma a Sudan kada ka yi tsammani za ka ga allo a bakin ƙofa. Tun 1983, sa'ad da Shugaba Numairi ya sa aka zubar da giya cikin kogin Nilu a Hartum, shan ta ya zama laifi mai bulala 40. A 2020 aka sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba, amma Musulmi hani ya na nan a kansa. Ga tsoron hukuma, ga kunyar dangi, a ƙauyen da kowa ya san kakan kowa. Yaƙin da ya tashi a 2023 kuma ya warwatsa mutane, har Wad Madani ta fita hannun sojan gwamnati daga Disamba 2023 zuwa Janairu 2025.

Saboda haka ka yi yadda Wilson ya yi, ka nemi mutum ɗaya. Ka fara da likita ko ma'aikacin ɗakin magani, gama aikinsa ya ɗora masa riƙon asiri. Ka ce masa, "Ka san wani wanda ya bar sha, ya daɗe?" Ko ka tambayi liman wanda ka tabbata ba shi da surutu. Wannan ba baƙon abu ba ne a Sudan. Dokta Tijani al-Mahi, wanda asibitin masu taɓin hankali na Omdurman ke ɗauke da sunansa, da malaman addini ya riƙa haɗa kai wajen jiyya. In ka na da wayar hannu mai intanet, akwai taron ƙungiyar nan da Larabci, ka na iya shiga ka saurara ba ka ce kome ba.

In kun sami juna, ku biyu kun isa taro. Ku sa rana ɗaya cikin mako, bayan la'asar, a bakin gona ko ƙarƙashin itace, da shayi ko jabana. Wanda ya sha cikin makon kada a kore shi, ya dawo ya faɗi yadda aka yi.

Sai gargaɗi guda, ku riƙe shi da kyau. Wanda ya shekara da shekaru ya na sha kullum, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Hannu ya kan soma rawa tun ranar farko. Wani ya kan yi farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na huɗu wani ya kan ruɗe, ya na gumi, ya na ganin abin da babu, wannan kuwa ya kan kashe. Ya fara ganin likita tukuna. In alamun nan sun bayyana, ku nemi mota ku kai shi asibitin Sinnar, ko Sinja, ko Wad Madani, ko da tsakar dare ne.