Zuwa Silima: Yadda Kallo Zai Yi Riba

Idan an gama girbi, an kai amfanin gona rumbu, manomi yakan sami ɗan sukuni. A lokacin ne samari da magidanta suke shiga birni, wasu cin kasuwa, wasu cin rani. A cikinsu akwai masu sha'awar leƙa gidan silima. Wani yakan dawo da labari mai daɗi. Wani kuwa ya dawo ba kuɗi, ba labari, sai ciwon wuya. Abin da ya raba su shi ne shiri, kuma rabin shirin nan karatu ne.

Silima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. An buɗe gidan silima na Rex a Kano tun a 1937. Mutanen karkara kuwa ta hanyar majigi suka san ta. Motar gwamnati takan iso gari da yamma, a kafa farin allo a ƙofar fada, bayan sallar Isha'i kowa ya zo da tabarmarsa. Dattawa ba su manta da Baban Larai ba, fim ɗin da ya koyar da noman auduga. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. A 1990 kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo.

Yau tsofaffin gidajen silima da yawa sun rufe. Sababbin suna cikin manyan birane, galibi a cikin manyan kantuna. A ƙauyuka kuma akwai gidajen kallo, kuma majigi yakan zo jefi-jefi. Ko wanne mutum zai je, shirin kusan ɗaya ne.

Karanta kafin ka biya

A ƙofar gidan silima akan manna babbar takarda mai hotuna. Wanda bai iya karatu ba hoton kawai yake gani. Ya ga mutum riƙe da bindiga ko mace tana rawa, sai ya miƙa kuɗinsa. Sau da yawa hoton nan yaudara ce. Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci ya wuce nan. Zai tsaya ya karanta sunan fim, da ranar da za a nuna shi, da ƙarfe nawa za a fara. Zai kuma tambaya da wane harshe aka yi shi. Fim ɗin Indiya yakan kai kusan awa uku. Wanda ba ya jin Indiyanci gara ya nemi wanda aka fassara da Hausa, in ba haka ba zai yi zaman kurma.

Akwai wata lamba da ya kamata a duba a jikin takardar. A 1993 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar tace finafinai. Jihar Kano ma ta kafa tata a 2001. Hukumar tarayya takan sa wa fim lambar shekaru, kamar 12 ko 15 ko 18. Idan an rubuta 18, to ba na yara ba ne. Uban da ya ga wannan lamba ya shiga da ɗansa ɗan shekara goma, laifin nasa ne, ba na masu gidan ba.

Sai maganar lokaci. A lissafa yaushe za a tashi, don kada kallo ya cinye sallar Magariba, ko motar ƙarshe ta komawa gida ta tashi ta bar mutum a tasha. Kuɗin mota a ware shi daban, a ɗaure shi a aljihun ciki. Wurin sayen tikiti akwai turereniya, kuma a nan 'yan sane suke cin kasuwarsu. Tikiti a tagar masu gidan ake sayensa. Wanda ya tare mutum a waje ya ce yana da mai araha, a rabu da shi.

Ƙofar fita

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a gidan silima na El Duniya a Kano. Mutum wajen 600 ne a ciki. Mutum 331 suka rasu. Wutar ta fara ne daga ɗakin na'ura, domin zaren fim na wancan zamani yana kama wuta kamar fetur. Yanzu an daina amfani da irin wannan zare, amma gobara ba ta ƙare ba. Gidan kallon ƙauye yakan kasance rumfar kara ko ta kwano, ƙofa ɗaya, ga janareta da jarkar mai a gefe, ga wayoyin wuta a sake.

Saboda haka, kafin mutum ya zauna, kafin a kashe fitila, ya waiga ya ga ta ina zai fita. A manyan gidaje akan rubuta wata kalmar Turanci mai haruffa huɗu a saman ƙofa, tana haske ko a cikin duhu: EXIT. Ma'anarta mafita. Ya kamata kowane ɗalibi ya rubuta ta a littafinsa har idonsa ya saba da ita. Idan an ga ƙofar fita a kulle da kwaɗo, ko an cika ɗaki har ba masaka tsinke, a haƙura da kallon ranar. In kuma wani abu ya faru, a fita a natse. Ture-ture yakan kashe waɗanda wuta ba ta kai gare su ba.

Wurin zama

Baƙo yakan ruga layin gaba, yana tsammanin nan ne wurin manya. Ba haka ba ne. Na gaba shi ne mai ɗaga kai har wuya ya ƙage, ga ƙara ta cika masa kunne. Tsakiya ko ɗan baya ya fi. A wasu gidajen tikiti yana ɗauke da harafi da lamba. Harafin na layi ne, lambar ta kujera. Idan majigi ne a fili lokacin hunturu, a tafi da mayafi. Waya kuma a rufe mata baki, don na kusa ma kuɗi ya biya.

Wasa ne

Fim hotuna ne masu yawa da ake jerawa su wuce da sauri, guda 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, sai ido ya ga kamar motsi. Jinin da ake gani rini ne. Wanda aka harbe yau, gobe zai fito a wani fim. Mutumin da ya doke ƙatti goma shi kaɗai, dabarar masu ɗaukar hoto ce. Babba ya san haka, amma yaro bai sani ba. Shi ya sa akan ga yara sun dawo suna tsalle daga kan katanga, suna kwaikwayon 'yan Cana, har a kai ga mai ɗori. Wanda ya je da yaro ya yi masa wannan bayani tun a hanya.

Fim ɗin ma'aikatan lafiya ko na malaman gona daban yake. Shi don koyarwa aka yi shi, kamar waɗanda aka riƙa nunawa a kan allurar rigakafin shan-inna. Idan an gama irin wannan, ma'aikatan sukan tsaya amsa tambayoyi. Jama'a kuwa sai su naɗe tabarmi su watse, alhali nan ne amfanin yake. Mai tambaya a kan taki, ko iri, ko ciwon yaro, ya matsa kusa ya yi ta.

Da an koma gida, ɗalibi ya ɗauko littafinsa ya rubuta sunan fim ɗin da ranar da ya gan shi. Ya ƙara da layi uku ko huɗu a kan abin da ya faru a ciki. Ranar aji ya kai wa malami ya duba masa, sannan ya karanta wa 'yan'uwansa da ba su sami zuwa ba.