Tarkon Ƙwayar Halitta Ɗaya, da Inda Samaru Ta Tsaya

Shekara da shekaru, mai bincike kan niƙe miliyoyin ƙwayoyin halitta a haɗe ya auna su gaba ɗaya, sai ta daban a cikinsu ta ɓace a taro. Wannan ne ya haifar da ƴan na'urorin da ba su wuce faɗin tambarin wasiƙa ba, masu magudanun ruwa da suka fi silin gashi siranta. Ana turo ruwa, ƙwaya ɗaya ta faɗa gurbinta ta toshe shi, saura su wuce gaba. A 2009 masana a MIT ta Amurka suka nuna yadda za a kama biyu a gurbi guda, a zuba musu ido ta madubin likita ana kallon mu'amalarsu.

Abin da ya yaɗa na'urorin shi ne araha. Tun ƙarshen shekarun 1990 ɗakin binciken George Whitesides a Harvard ya sauƙaƙa zuba su da wata roba mai laushi, PDMS, maimakon sassaƙa gilashi.

To ina ruwan Zariya? Ruwanta babba ne. Tashin ciwon sikila rikici ne tsakanin ƙwayoyi: jan jini ya lanƙwashe, ya manne a bangon jijiya, hanya ta toshe, yaro ya kwana yana kuka. Irin wannan mannewa ake aunawa a waɗannan magudanu. Haka sammore, wanda marigayi Farfesa Andrew Nok ya yi suna a kansa a Jami'ar Ahmadu Bello: yadda ƙwayar cutar ke yi wa jan jinin dabba illa tambaya ce da wannan tarko ya dace da ita.

Sai dai arahar ta tsaya ne a robar. Famfon da ke tura ruwa yana son wuta mai ɗorewa, sinadaran da dala ake sayo su, wasu kuma ba sa jure zafi a hanya. Shi ya sa ɗan'uwan fasahar mai sauƙi ya riga iso mana: tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake ɗiga wa jini a ɗakunan gwaji na Sabon Gari, wanda ke jan ruwa da kansa ba janareta.

A ganina illar tana nan: jinin namu ne, marasa lafiyan na asibitin Shika ne, amma zurfin binciken yakan koma inda kayan aikin suke, tare da ɗalibin da ya iya shi. Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na da sashen injiniya da na nazarin sinadaran jiki a harabar jami'a ɗaya, kuma zuba robar bai fi ƙarfinsu ba in aka tsaya musu da wutar rana da kuɗin sinadarai.