Fata ma tana da ta cewa a kan kiɗa

Abin da ke sa sauti ya yi kauri ko ya sirance shi ne yawan jijjigarsa a cikin sakan ɗaya. Kunnen ɗan Adam yana kama jijjiga daga sau 20 har zuwa 20,000 a sakan. Amma a ƙarƙashin fatarmu, musamman a yatsu da tafin hannu, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da su ma aikinsu ke nan, kuma sun fi kaifi a wajen sau 250 a sakan, daidai inda sautukan tsakiyar kiɗa suke. Ke nan ƙofofi biyu ne ke kai wa ƙwaƙwalwa labari iri ɗaya, kuma hujja ta nuna ba ta raba su sarai. A shekarun 2009 da 2010, Jeffrey Yau da Sliman Bensmaia da abokan aikinsu a Amurka sun gwada mutane da sauti a kunne da jijjiga a yatsa lokaci guda. Sai hukuncin mutum kan ɗayan ya riƙa karkata zuwa ɗayan, musamman idan saurin biyun ya yi kusa.

Mai shakka zai ce ai fata ba ta da ƙwarewar da za ta sa baki a wannan harka. Yana da gaskiyarsa: kunne yakan gane bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ita kuwa fata sai bambancin ya yi girma sosai kafin ta farga, kuma da jijjiga ta doshi sau dubu a sakan sai ta ɓace mata. To amma ba a ce fata ta gaji kunne ba. Abin da aka ce shi ne tana jan hukuncinsa kaɗan, a sautuka masu kauri. Shaidan da bai gani da kyau ba ma yakan karkatar da alƙali.

Evelyn Glennie, makaɗiyar nan 'yar Sikotilan da ta kurmance tun tana shekara 12, takan yi kiɗa ba takalmi don ta ji jijjigar a ƙafafunta. Sau da yawa ana kawo ta a matsayin abin al'ajabi, alhali abin da take amfani da shi kowa yana da shi. Ita dai ta horar da nata. Makaɗin kalangu da ke matse ganga a hammata yana jin sautinsa a haƙarƙari, abin da ɗan kallo ba ya samu. Saboda haka mai koyar da kiɗa ya bar ɗalibi ya riƙe kayan da hannunsa, kada ya tsaya ga saurare kawai.