Tafkin Kainji da Ƙananan Hukumomin Ƙasar Yauri: Gidaje, Lasin da Kasafin Kuɗi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana yadda Tafkin Kainji ya shafi aikin majalisun ƙananan hukumomi uku na ƙasar Yauri a Jihar Kebbi, watau Yauri mai hedkwata a Yelwa, da Ngaski mai hedkwata a Wara, da kuma Shanga. Za mu dubi al'amura uku da majalisa takan zauna a kansu: gidaje da filaye, da bayar da lasin, da kasafin kuɗi. Abin da muke son nunawa shi ne, ɗawainiyar mutanen bakin tafki tana wuyan ƙaramar hukuma, alhali ikon ruwan yana hannun wasu hukumomi. Saboda haka babban aikin da ya rage mata shi ne sanin jama'arta da jiragensu da filayensu a rubuce.

2.0 Asalin Al'amarin

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka datse kogin a 1968. Tafkin da ya samu ya kai kimanin kilomita 136 a tsawo, ya kuma cinye tsibirai da fadamu masu yawa. An tayar da mutane kimanin 44,000 daga ƙasashen Yauri da Borgu. Cikinsu har da Gungawa, mazauna tsibirai, waɗanda suka shahara da noman albasa na ban-ruwa. A lokacin nan En'e ce ke mulkin ƙasar Yauri a ƙarƙashin Sarki. Gyaran tsarin mulki na 1976 ya kawo ƙaramar hukuma a madadinta, daga baya aka fitar da Ngaski da Shanga. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ƙasar Yauri ta faɗo cikinta.

3.0 Gidaje da Filaye

Gidajen da aka gina wa waɗanda aka tayar na bulon siminti ne da rufin asbestos. Irin wannan gini yana da ƙwari, amma idan ya tsage manomi ba ya iya gyara shi da ƙasa da ciyawa kamar yadda ya saba. Har ila yau gida a ƙasar nan yana girma ne tare da iyali: ɗa ya yi aure, a ƙara masa ɗaki. Don haka mutane da yawa suka yi ta ƙara ɗakunan ƙasa a gefen na siminti. Yau jikokin waɗancan mutane ne ke neman filin gini.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a filayen da ba na birni ba. Wahalar ita ce bakin tafki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ruwa yakan cika bayan zuwan farin ruwa na damina da baƙin ruwa mai isowa daga nesa da hunturu, sa'an nan ya ja baya da bazara ya bar daushi mai albarka. Manomi da makiyayi da masunci duk suna son wannan wuri. Majalisar da ba ta shata iyakar da ruwa ke kaiwa ba, za ta ba mutum fili da rani, ruwa ya karɓe da kaka.

4.0 Lasin

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai bayar da lasin na kekuna da amalanke da kwale-kwale, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta. Amma kamun kifi a tafkin yana ƙarƙashin dokokin jihohin Kebbi da Neja, sufurin ruwa kuwa yana hannun Hukumar NIWA ta tarayya, wadda aka kafa a 1997. Watau mai jirgi ɗaya yana iya fuskantar masu karɓar kuɗi uku, ba tare da ɗayansu ya duba lafiyar jirgin ba.

Illar wannan ta fito fili a watan Mayu na 2021, lokacin da wani jirgin fasinja da aka cika maƙil ya nutse kusa da Wara, aka yi hasarar rayuka masu yawa. A ganinmu lasin da ya tsaya ga rasit kawai bai cika lasin ba. Kamata ya yi takardar ta nuna sunan mai jirgi, da kwatar da yake tashi, da yawan mutanen da jirgin ke ɗauka. Akwai abin koyi a kusa. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus ya yi rajistar masunta a tafkin tare da taimakon sarakunan ruwa da masu unguwanni, ya kuma yi aiki a kan hana jan dala mai kwashe ƙananan kifaye. Abin da ya sa masunta suka saurara shi ne an bi ta hannun shugabannin da suka sani.

5.0 Kasafin Kuɗi

Mafi yawan kuɗin waɗannan majalisu daga asusun tarayya yake zuwa, inda ƙananan hukumomi 774 ke raba kashi 20.60 cikin ɗari. Sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta nan kuɗin ya daɗe yana bi. A ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Duk da haka, albashi yakan ci kaso mai tsoka, abin da ya saura don ayyuka kaɗan ne.

Kuɗin shiga na cikin gida kuwa yana bin ruwa: kuɗin kasuwa a Yelwa da Wara yana ƙaruwa da kakar albasa da lokacin kifi, ya ragu idan sun wuce. Majalisar da ba ta da rajistar jirage da rumfuna, ƙiyasinta na shekara zato ne kawai. Haka kuma ba ta da hujjar da za ta gabatar wa Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa don raya yankunan da madatsun lantarki suka shafa, yayin da take neman a gina kwata ko a sare kututturan da ke fasa jirage.

6.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawara majalisun uku su haɗa rajista ɗaya ta jirage da kwatoci, su shata iyakar cikar ruwa kafin su raba fili, su kuma ware wani kaso na kuɗin lasin don rigunan ruwa da albashin mai duba lodi a kowace kwata. Dokokin da ake da su yanzu sun isa a yi waɗannan duka.